Zlatka Kolarova da Kaso na Uku na Mabuɗi

A cikin watan Maris na shekarar 2014, a birnin Sliven, sabon mai kamfanin sadarwa na Katinar, Lachezar Dyulgerov, ya umarci babbar injiniyarsa da ta kawo kason mabuɗin da ke hannunta, a haɗa shi da kaso biyu da ke wurinsa, a kan wata kwamfuta da shi da kansa ya tanada. Wannan mabuɗi shi ne ke tsare saƙonnin likitoci da lauyoyin lardin baki ɗaya, kuma duk wanda ya mallaki kwafinsa zai iya karanta asirin mutane ba tare da sun taɓa sani ba. Injiniyar, Zlatka Kolarova, tana da shekara hamsin da bakwai a lokacin. Ta saurare shi har ya kai aya, sannan ta ce:

"Ba zan kawo ba, Lacho."

Ya tuna mata cewa a cikin ofis Darakta ake kiransa. Ta ce ta ji, to Darakta ma ya sani ba za ta kawo ba.

An faɗi maganganu da yawa a kan wannan mata tun daga ranar, mafi yawansu daga bakin waɗanda ba su taɓa zama da ita ba. An rubuta wannan tarihi ne domin a jera al'amuran rayuwarta bi da bi, kamar yadda suka auku, ba domin a nema mata afuwar kowa ba.

Haihuwa da asali

An haifi Zlatka Dobreva Ruseva a ranar 17 ga Fabrairu, 1957, a unguwar masaƙa ta birnin Sliven, a ƙasar Bulgeriya. Mahaifinta, Dobri Rusev, makanikin injunan saƙa ne a masaƙar ulu ta garin, mahaifiyarta kuwa, Kalina, masaƙiya ce a sashen barguna. Ita ce 'yarsu tilo. Sun zauna a hawa na uku na wani gidan ma'aikata, inda iskar duwatsu take fizge shanya daga igiya, kuma inda kowace uwa take renon ɗan maƙwabciyarta idan aikin dare ya faɗo mata.

Mahaifin yana da ƙane wanda ya tsallake iyaka ya bar ƙasar tun Zlatka tana ƙarama, kuma saboda wannan dalili Dobri ya yi shekara talatin yana gyaran injuna ba a taɓa ɗaga shi zuwa shugaban sashe ba. Duk wasiƙar da ta zo daga ƙanen nan takan iso da alamar an buɗe ta an sake mannewa, wani lokaci ma gam ɗin bai gama bushewa ba. Kalina takan ɗaga ambulan sama ta gaishe da waɗanda suka riga iyalin karantawa, ta yi musu fatan sun ji daɗin labarin. Zlatka ta sha faɗa daga baya cewa mahaifiyarta dariya take yi, amma ita tun tana 'yar shekara bakwai abin bai taɓa ba ta dariya ba.

Karatu

Ta shiga makarantar firamare a shekarar 1964, kuma a 1971 aka ɗauke ta a makarantar sakandare ta lissafi, bayan jarrabawar da ta zo ta biyu a lardi. A waɗannan shekaru ne maƙwabciyarsu Penka, wadda take saƙa a injin da ke kusa da na Kalina, takan bar mata ɗanta ƙarami ta rene shi bayan an tashi daga makaranta. Yaron nan shi ne Lachezar Dyulgerov.

A shekarar 1975 ta tafi Sofiya karatun lissafi a jami'a, inda ta ƙware a ilimin lambobi, fannin da a wancan zamani ake ganin ba shi da wani amfani sai ga masu son wahala. A shekararta ta huɗu wani malaminsu ya ba ɗalibai kaɗan kwafin wata maƙala daga ƙetare, wadda ta dusashe saboda yawan kwafa. Maƙalar ta yi bayanin yadda za a kulle saƙo da mabuɗi biyu maimakon ɗaya. Misalin da Zlatka ta riƙa bayarwa duk tsawon rayuwarta shi ne na kwaɗon ƙofa: mutum ya ƙera kwaɗuna masu yawa ya raba wa duniya a buɗe, kowa ya ɗauka, amma ɗan mabuɗin yana aljihunsa shi kaɗai. Mai son aika masa saƙo sai ya sa a akwati ya datse da kwaɗon, daga nan ko shi mai aikawar ba zai iya buɗewa ba. Ƙarfin kwaɗon kuwa lissafi ne: ninka manyan lambobi biyu abu ne mai sauƙi, amma gano su daga sakamakon aiki ne da zai cinye shekarun da suka fi na duniya.

Sauran ɗalibai sun yi mamakin kyan lissafin. Zlatka ta ɗaga hannu ta tambayi malamin wane ne zai tabbatar mata cewa kwaɗon da aka miƙo mata da sunan wane, na wanen ne da gaske, ba na ɓarawon da ya rubuta sunansa a jiki ba. Malamin ya ce maƙalar ba ta warware wannan sosai ba, kuma tunda ita ce ta tambaya, sai ta je ta nemo. Ta kammala karatu a 1980 da sakamako mafi daraja.

Aiki, aure da 'ya'ya

An tura ta aiki a cibiyar kwamfuta ta masaƙar da iyayenta suke, inda ta yi shekara goma sha biyu tana lissafin albashi da na zaren ulu a kan injin da ya cika ɗaki guda. A 1982 ta auri Stoimen Kolarov, ma'aikacin lantarki mai kula da fitilun hanyar jirgin ƙasa, mutumin ƙauyen Drenak, mai sanyin hali da yawan barkwanci. An haifi ɗansu na fari, Tihomir, a 1983, sai Nevena a 1987, sai autarsu Boryana a 1996.

Bayan sauyin mulki na 1989 masaƙar ta durƙushe sashe bayan sashe, kuma a 1992 aka rufe cibiyar kwamfutar. Shekarun da suka biyo baya shekarun ƙunci ne ga kowa a garin. A lokacin ƙwayoyin cutar kwamfuta suna yawo daga faifai zuwa faifai, sai Zlatka ta riƙa bin ofisoshi da shaguna da jakarta tana warkar da injuna, ana biyanta da cuku, da man girki, wani lokaci da kwalbar barasar gida mai suna rakiya, wadda Stoimen yake cewa ita ce kaɗai albashin da ba ya faɗuwa daraja.

A 1999 ita da wasu tsoffin abokan aikinta biyu suka kafa ƙaramin kamfani mai kai intanet gida gida. Wayoyin sukan bi ta saman rufi daga bene zuwa bene, kuma duk sanda iska ta taso sai a ga Stoimen a sama da filaya a baki yana ɗaurawa. Unguwa guda tana kan waya guda, kuma a wancan lokaci ba wanda ya damu da haka. A 2003 ne wani mai zaman banza a ɗaya daga cikin benayen ya gano cewa yana iya ganin duk abin da ke wucewa ta wayar, ya karanta saƙon da wani likita ya aika wa mai kantin magani game da ciwon wata malamar makaranta, kafin mako ya zagayo labarin ya cika kasuwa. Malamar ta bar garin. Zlatka ta ɗauki abin a matsayin laifin wayarta, ta zauna wata goma sha takwas tana gina tsarin da za a riƙa kulle kowane saƙo tun daga injin mai aikawa har zuwa na mai karɓa. Suka sa wa tsarin da kamfanin suna Katinar, wato kwaɗo.

Uwar mabuɗai da ƙa'idar guduma

Tambayar da ta yi wa malaminta a Sofiya ita ce ginshiƙin Katinar. Kowane likita, ko lauya, ko mai kantin magani da ya shiga tsarin yana da kwaɗonsa da mabuɗinsa, amma sai kamfani ya buga wa kwaɗon hatimi mai shaida cewa lallai na wane ne. Abin da ke buga wannan hatimi shi ne babban mabuɗin da ma'aikata suke kira uwar mabuɗai. Hatsarinsa a fili yake: wanda ya samu kwafin uwar zai iya ƙera kwaɗon ƙarya da sunan likita, ya buga masa hatimin gaskiya, lauya ya kulle saƙonsa da shi cikin amana, ɓarawo ya buɗe ya karanta, ya sake kullewa da kwaɗon likitan na ainihi ya tura, ba wanda zai ga alamar gam.

Saboda haka Zlatka ta ƙi yarda uwar ta zauna a hannun mutum ɗaya, ko da ita ce. Ta raba ta da lissafi kaso biyar, ta yadda kaso ɗaya ko biyu ba sa nuna komai, sai uku sun haɗu. Kowane kaso yana cikin ɗan kati, kuma katin ba ya aiki sai da kalmomin sirri da mai shi ya zaɓa ya riƙe a ka. Kaso uku na masu kamfanin ne su uku, ɗaya na wakilin likitoci, ɗaya na wakiliyar lauyoyi.

A ƙarshen Satumba na 2006 aka yi zaman haifar uwar, bisa ƙa'idar da ta rubuta da hannunta. Da safe aka jefa ƙuri'a a kan shagunan garin, aka je wanda ƙuri'a ta faɗa masa aka sayo kwamfuta sabuwa fil a kwalinta. Aka cire mata duk abin da zai iya magana da waje. Aka shiga ɗaki marar taga, bayan kowa ya jefa wayarsa a cikin wata tukunyar miya da aka ajiye a bakin ƙofa. Da aka gama aka raba katuna, sai aka fito da kwamfutar tsakar gida, aka kawo gudumar Stoimen, kowane shaida ya ɗaga ya sauke mata, har ta zama tarkace. Ɗaya daga cikin abokan kamfanin ya juya baya, ya ce zuciyarsa ba za ta iya kallon sabuwar kwamfuta tana mutuwa da ƙuruciyarta ba. Daga nan aka ci banitsa, wato gasasshiyar fulawa mai cuku, aka sha rakiya.

Dalilin gudumar shi ne, a 'yan mintunan da kaso uku suke haɗe, uwar tana nan cikakkiya a cikin injin, kuma injin da ya taɓa ganinta ba a barinsa da rai. An yanka wa uwar wa'adin shekara goma. Kafin ƙarshen Satumba na 2016 dole a sake irin wannan zama a sabunta ta, in ba haka ba duk injunan da ke tsarin za su daina amincewa da hatimin, Katinar ya tsaya.

A shekaru bakwai da suka biyo baya kamfanin ya bunƙasa har ya ɗauki ma'aikata wajen tamanin, ya kai asibitoci da ofisoshin lauyoyi na garuruwa huɗu. Tihomir, wanda ya karanta injiniyanci, ya zama shugaban sashen wayoyi, ya yi aure ya haifi 'ya'ya biyu.

Sayar da kamfani

A 2013 abokan nan biyu, waɗanda tsufa da gajiya suka kama, suka sayar da hannun jarinsu ga Lachezar Dyulgerov, suka miƙa masa katunansu da kalmominsu. Dyulgerov ya riga ya zama babban mutum a lardin, mai mahaƙar dutse da masana'antar farar ƙasa. A daidai wannan lokaci tsoffin ma'aikatan mahaƙarsa masu ciwon huhu suna shari'a da shi, kuma likitocin da suka duba su da lauyoyin da ke tsaya musu duk ta Katinar suke magana.

A watan Janairu na 2014 wakilin likitoci ya rasu, kalmominsa suka tafi tare da shi. Wakiliyar lauyoyi kuwa, bayan wasu baƙi sun ziyarci mijinta a wurin aiki sau biyu, ta datse katinta da almakashi a gaban shaidu, ta kwashe iyalinta ta koma Sifaniya. Kaso uku ne suka rage a duniya: biyu a wurin Dyulgerov, ɗaya a wurin Zlatka. Nan ne ya kira ta ya ba da umarnin da aka ambata a farko, da hujjar cewa lokaci ya yi da za a sake raba katuna.

Ba zaman ta ƙi ba, kuma wannan ita ce gaskiyar da masu zaginta suke tsallakewa. Ta ce a shirye take gobe da safe, in za a jefa ƙuri'a, a sayo sabon inji, a kira shaidu, a kawo guduma. Ya ce wannan wasan ƙauye ne, kamfanin zamani ba ya farfasa kayansa, kuma ya riga ya sayo kwamfuta mai tsada daga Jamus wadda injiniyansa ya shirya. Ta tambaye shi me injiniyan ya shirya a ciki. Ya ce ita ma'aikaciya ce, ba mai bincike ba.

"Lacho," in ji ta, "ni na share maka majina. Tun kana ɗan shekara huɗu in ka ɓoye abu a bayanka kunnenka ke yin ja. Je ka dubi madubi."

A watan Afrilu aka sallame ta. Masu gadi biyu suka raka ta ƙofa, ɗaya daga cikinsu yana ba ta haƙuri ƙasa ƙasa, domin ita ce ta sama masa aikin.

Shari'a

Kamfanin ya shigar da ƙara yana neman katin a matsayin kayansa. A zaman farko Zlatka ta ciro shi daga jaka ta ajiye a kan tebur, ta ce ga kayansu. Sai aka gane cewa katin ba komai ba ne in babu kalmomin, aka sake ƙara a kan kalmomin.

Lauyanta ya nuna mata hanya mai sauƙi. Ya ce shekara takwas ke nan da zaɓar kalmomin, ita kuma ta kusa sittin. Ya ce ta ce kawai ta manta, babu kotun da za ta iya tsaga kan mutum ta duba, shari'a ta mutu a nan. Stoimen ma ya ce shi kullum yana manta inda ya ajiye tabaransa, ba wanda ya kai shi kotu. Ta ce in ta ce ta manta, garin zai ɗauka tsufa ne ya kashe Katinar, likitoci kuma za su ci gaba da amincewa da duk abin da mutumin nan zai gina a gaba. Da alƙali ya tambaye ta a watan Nuwamba na 2014 ko tana tune da kalmomin, amsarta tana cikin kundin kotu:

"Ina tune da su sarai, ranka ya daɗe. Faɗa ne ba zan yi ba, sai a ɗakin da ƙa'ida ta ce."

A taron ƙungiyar likitoci na wannan hunturu ta miƙe ta bayyana abin da kwafin uwar mabuɗai zai iya yi a hannun mai shari'a da marasa lafiyarsu. Ba ta da hujjar abin da ke cikin kwamfutar Jamus, domin ba a taɓa barin ta ta duba ba. Dyulgerov ya ƙara da ƙarar ɓata suna, ya kuma yi nasara a duka biyun. A bazarar 2015 aka sayar da gidansu na Sliven domin biyan diyya, ita da Stoimen da autarsu suka koma tsohon gidan iyayensa a Drenak, mai rufin da ke yoyo da murhun itace.

Shekarun tsayawa

Babu kamfanin da ya sake ɗaukar ta aiki a lardin. Ma'aikatan Katinar sun san wa'adin uwar yana matsowa, kuma sun san mutum biyu ne za su iya ceton aikinsu. Ɗaya yana da masu gadi da lauyoyi, ɗaya kuma tana hawa motar haya zuwa kasuwa ranar Asabar. Saboda haka ita suka tare. Matan da ta halarci bikin 'ya'yansu suka riƙa tsallaka titi in sun hango ta. Wata ta tsaya a gaban masu sayar da tumatir ta tambaye ta ko kalmomin nan za a dafa wa yara su ci. Zlatka ta ce mata ta je ta tambayi Darakta me ya sa yake tsoron guduma, ta biya kuɗin tumatirinta ta wuce.

Stoimen bai taɓa ce mata ta janye ba. Yakan ce shi da ya san taurin kan da ya aura tun 1982, ba yanzu zai kai ƙara ba. Amma sanyin gidan Drenak ya kama ƙirjinsa, asibiti kuma yana da nisa, ya rasu a watan Disamba na 2015 yana da shekara sittin da biyu. A wurin jana'izarsa Tihomir ya tsaya a gefe guda, mahaifiyarsa a gefe guda.

A watan Agusta na 2016 Tihomir ya zo Drenak shi kaɗai. Ya yi mata lissafin gidaje tamanin, ya kira sunayen jikokinta, ya ce ko da abin da take zargi gaskiya ne, asirin wasu baƙi ne da ba su san tana yi ba, ba kuma za su taɓa gode mata ba.

"Mama, kin binne Baba a kan wannan abu. Sai kin binne mu duka?"

Ta ce masa shi injiniya ne, ya san abin da ake nema ta yi. In yana ganin daidai ne, ya dube ta ya faɗa. Ya ce shi ba daidai yake nema ba, albashi yake nema, ya shiga mota ya tafi bai ci abincin da ta dafa ba.

Ƙarewar wa'adi

A ranar ƙarshe ta Satumba, 2016, da hantsi, Lachezar Dyulgerov ya tuƙo kansa zuwa Drenak. Ya tarar da ita a tsakar gida tana gasa jan tattasai na ajiyar hunturu, autarta tana ɓare bawo. Ya kira ta Inna Zlatka, kamar yadda yake kiranta yana yaro. Ya ce ya yarda da ƙuri'a, ya yarda da sabon inji, ya yarda da shaidu, zai mayar mata da gida da muƙami. Mota tana waje, kafin la'asar an gama. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada a fasa injin, a kulle shi a ma'ajiyar kamfani domin tarihi.

Ta juya tattasai a kan wuta ta tambaye shi wa ke riƙe da mabuɗin ma'ajiyar. Ya zauna a kan kututture ya sassauta murya.

"Inna, ba ciwon kowa nake son sani ba. Mutum biyu ne ko uku a cikin manyan ma'aikatana suke kai wa lauyoyin nan takardu. Sunayensu kawai. Daga nan ki kawo gudumar, ni zan fara bugawa."

"In ka samu sunayen, me za ka yi musu?"

Ta ɗebo tattasai gasasshe ta zuba a leda, ta ce ya kai wa kabarin Penka gaisuwarta, ya kuma rufe ƙofar shinge da kyau in zai fita, saboda akuyar maƙwabta. Bai karɓi ledar ba.

A wannan rana wa'adin uwar mabuɗai ya cika. Injunan asibitoci da na lauyoyi suka daina karɓar hatimin Katinar, kamar yadda aka gina su su yi. Tsoffin saƙonni suka ci gaba da zama a kulle, kowa da mabuɗinsa. Dyulgerov ya yi ƙoƙarin kafa sabuwar uwa a hannunsa shi kaɗai, amma likitocin da suka ji jawabinta a taro suka ƙi shiga, lauyoyi suka bi su. Kafin ƙarshen shekara aka rufe kamfanin, aka sallami kowa. Tihomir ya kwashe iyalinsa zuwa Jamus a watan Fabrairu na 2017.

Shari'ar ma'aikatan mahaƙa ta ja har 2019, ta ƙare da sulhun da bai gamsar da kowa ba. Mutanen nan biyu ko uku ba a taɓa sanin su ba, har yau, kuma mai yiwuwa su kansu ba su san abin da ya tsaya tsakaninsu da mai gidansu ba.

Ƙarshen rayuwa

Ta yi sauran shekarunta a Drenak da ɗan fansho da lambun bayan gida. Ranar Laraba takan zauna a ɗakin karatu na ƙauyen tana koya wa tsofaffi yadda za su zaɓi kalmar sirri mai tsawo, da yadda za su kashe waya in wani ya kira yana cewa daga banki yake. Takan hana su rubuta ranar haihuwar jika, ta ce duk ɓarawon lardin ya san ranar, tunda su da kansu suke shelanta ta. Nevena, wadda take aikin jinya a Burgas, takan zo duk wata. Boryana ta tafi Sofiya ta karanta lissafi a sashen da mahaifiyarta ta yi, kuma ita ce ta tattara wannan tarihi.

Sau ɗaya wata 'yar jarida ta zo ta tambaye ta ko tana nadama. Ta ce tana baƙin cikin abubuwa da yawa, kuma za ta iya lissafa su, amma baƙin ciki daban, nadama daban. Jaridar ba ta buga hirar ba.

Rasuwa

Zlatka Dobreva Kolarova ta rasu a ranar 6 ga Maris, 2022, a gidanta na Drenak, bayan gajeriyar jinya ta ciwon zuciya, tana da shekara sittin da biyar. An yi mata addu'a a cocin ƙauyen, aka binne ta washegari a gefen mijinta. An liƙa sanarwar rasuwarta a ƙofar gida da jikin bishiyar dandali, an kuma liƙa ɗaya a ƙofar tsohon ginin Katinar a Sliven, wadda aka yage kafin yamma. An dafa alkamar sadaka ta mutum ɗari. Waɗanda suka zo ba su kai talatin ba, mafi yawansu tsofaffin ajin Laraba ne. Daga cikin ma'aikata tamanin, mai gadin nan da ya ba ta haƙuri ranar da aka sallame ta ne kaɗai ya halarta. Allah ya gafarta mata.

Ta rasu ta bar 'ya'ya uku da jikoki uku: Tihomir, injiniya a Jamus, mai 'ya'ya biyu, Nevena, ma'aikaciyar jinya a Burgas, mai ɗa ɗaya, da Boryana, mai aikin tsaron hanyoyin sadarwa a Sofiya.

Ba a karanta saƙon kowa ba. Abin da aka biya a kan haka shi ne aikinta, da gidanta, da sunanta a garin da aka haife ta, da lafiyar mijinta, da abincin gidaje tamanin waɗanda ba su zaɓi su biya ba. Ɗanta na fari bai sake yi mata magana ba tun ranar da ya bar abincinta a kan tebur, bai kawo mata jikokinta ba, kuma bai zo jana'izarta ba.